Kamfanin Shubert na New York: fasaha ce ta riƙe shi ko kuwa mallakar gine-gine?

Dan_Gidan_Dabino: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kwana biyu ina karanta tarihin gidajen wasan kwaikwayo na Broadway da ke birnin New York, sai wani al'amari ya tsaya mini a rai, na ga ya dace in kawo shi zauren nan. A cikin gidaje 41 da ake ƙirga su a matsayin na Broadway, kamfani ɗaya mai suna Shubert Organization shi ke riƙe da 17, kuma ya fi shekara ɗari yana cikin wannan sana'a, alhali kamfanonin da suka yi zamani da shi tun farko yawancinsu sun shuɗe. Ra'ayina shi ne, ba iya shirya wasa ba ne ya raya wannan kamfani, mallakar ƙasa da gini ce ta raya shi, domin wasa yakan yi tashe ya wuce, amma duk wanda zai nuna sabo dole ya zo ya nemi mai gida. Ina so waɗanda suka fi ni sani su gyara mini idan na kauce, kuma su gaya mana ko alheri ne ga harkar a ce hannu ɗaya ya tattara gidaje masu yawa haka.

Malam_Sabo_Samaru: Wa alaikumus salam. Ka kawo magana mai kyau, amma kafin a yanke hukunci ya kamata a san inda mutanen suka faro. 'Yan'uwa uku ne, Lee da Sam da Jacob wanda aka fi sani da J.J., 'ya'yan wani Bayahude matalauci da ya yi ƙaura da iyalinsa daga yankin da a yau yake cikin ƙasar Lituweniya, a lokacin yana ƙarƙashin daular Rasha, ya sauka a garin Syracuse na jihar New York. Tun suna yara suka shiga neman na kansu, Sam ya fara da ƙananan ayyuka a gidajen wasa na garin har ya kai ga riƙe akwatin kuɗin tikiti. A shekarar 1900 suka shigo birnin New York suka kama hayar gidan wasa na Herald Square. Abin lura a nan shi ne da haya suka fara, ba su da ko bulo ɗaya nasu, kuma sun tarar da wata ƙungiya da ake kira Theatrical Syndicate, wadda mutum shida suka kafa a 1896, cikinsu har da Charles Frohman da Marc Klaw da Abraham Erlanger, ta yi babakere a kan tsara wasan da zai shiga kowane gida a kusan dukkan manyan garuruwan Amurka. Duk ɗan wasan da ya ƙi bin sharuɗɗanta sai ya rasa dandalin da zai hau. Saboda haka sayen gidaje da gina su da 'yan Shubert suka shiga yi ba kwaɗayin ƙasa ba ne kawai, hanya ce ta kuɓuta daga hannun waɗanda suka toshe ƙofa.

Hajiya_Binta_Bronx: Malam Sabo, Allah ya ƙara sani. Ina so in ƙara da abin da ya faru da Sam, domin shi ne ya sa sunansa yake jikin gidaje da yawa. A watan Mayu na 1905 jirgin ƙasan da yake ciki ya yi karo da taragun kaya kusa da Harrisburg a jihar Pennsylvania, ya rasu sakamakon raunukan da ya samu, bai ma kai shekara talatin ba. Daga nan 'yan'uwansa biyu suka riƙa sa wa gidajen da suke ginawa suna Sam S. Shubert. Wanda yake titi na 44, da aka buɗe a 1913, shi ne cibiyar kamfanin, ofisoshinsu suna saman bene.

AbuMaryam_Maradi: Ni abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin nan shi ne labarin Sarah Bernhardt, shahararriyar 'yar wasan Faransa. Lokacin da 'yan Shubert suka ɗauki nauyin rangadinta a Amurka tsakanin 1905 da 1906, waccan ƙungiya ta hana ta gidajenta, sai aka riƙa kafa mata tanti a wasu garuruwa tana wasa a ciki, jama'a kuma suna tururuwa. Wannan ya jawo wa 'yan Shubert tausayin jama'a da na 'yan jarida, aka riƙa kallonsu a matsayin masu yaƙi da zalunci.

Barista_Nura: Gaskiya ne an kalle su haka, amma ya kamata mu faɗi abin da ya biyo baya, domin a nan tambaya ta biyu ta mai buɗe zauren take. Da suka karya lagon waccan ƙungiya, su ma sai suka zama irin abin da suka yaƙa, har suka zarce ta. Kafin ƙarshen shekarun 1920 gidajen da suka mallaka, da waɗanda suke gudanarwa, da waɗanda suke tsara wa wasanni a faɗin Amurka sun doshi dubu. A 1915 sun hana Alexander Woollcott, mai sharhin wasanni na jaridar New York Times, shiga gidajensu saboda ya kushe wani wasansu, aka je kotu, kotu ta ce mai gida yana da ikon hana wanda ya ga dama, sai da jaridar ta daina karɓar tallarsu sannan suka sassauta. A 1919 kuma suna cikin masu gidaje da furodusoshin da ƙungiyar 'yan wasa ta Actors' Equity ta yi wa yajin aiki na kusan wata guda, a kan abubuwa irin su gwajin wasa na makonni ba tare da biya ba. Daga ƙarshe gwamnatin tarayya da kanta ta maka su a kotu a 1950 bisa zargin babakere. Suka kare kansu da cewa wasan kwaikwayo ba ciniki ba ne tsakanin jihohi, don haka dokar hana babakere ba ta hau kansu ba, amma Kotun Ƙoli ta ƙi wannan hujja a 1955. A 1956 suka amince da yarjejeniyar da ta tilasta musu sayar da gidaje 12 a birane 6, kuma suka saki harkar tsara wa gidajen wasu mutane wasanni. Saboda haka gidaje 17 da muke magana a kansu yau ragowa ce bayan hukuma ta rage musu fiffike.

Dan_Gidan_Dabino: Barista, na gode ƙwarai. Wannan ya ƙara ƙarfafa abin da nake zato, domin ko hukuma da ta tashi rage musu ƙarfi, gidaje ta sa su sayar, ba wasanni ta hana su shiryawa ba.

Malama_Rakiya_BUK: Ɗan'uwa, ban yarda da kai gaba ɗaya ba, kuma hujjata tana cikin shekarun karayar tattalin arziki. A 1931 kamfanin ya durƙushe, kotu ta naɗa masu kula da kadarorinsa, a lokacin kuwa gine-ginen suna nan ba su je ko'ina ba, abin da ya ɓace shi ne 'yan kallo masu kuɗin tikiti, ga kuma sinima mai magana ta shigo tana janye jama'a da araha. Gidan wasan da babu wasa a cikinsa kaya ne a wuyan mai shi, domin haraji da bashin banki da gyaran rufi ba sa jiran a ɗaga labule. A 1933 Lee ya saye kadarorin a gwanjo a kan dala 400,000 da sunan wani sabon kamfani, ya ci gaba da riƙe gidajen a lokacin da wasu masu gidaje suke mayar da nasu sinima ko ɗakin watsa shirye-shiryen rediyo. Na yarda cewa riƙon ginin shi ne ya ba su damar farfaɗowa, amma ginin kaɗai bai hana su faɗuwa ba. Haka kuma a farkon shekarun 1970, lokacin da unguwar Times Square ta lalace, mutane suna tsoron zuwa da dare, kamfanin yana ta asara duk da gidajensa. Abin da ya fitar da shi wasa ne, wato A Chorus Line, wanda aka ɗauko daga ƙaramin gidan wasan furodusa Joseph Papp aka kawo gidan Shubert a 1975, ya zauna har 1990 bayan an nuna shi sau 6,137. Sai Cats a Winter Garden daga 1982 zuwa 2000, sannan The Phantom of the Opera a Majestic daga 1988 har watan Afrilu na 2023, wanda babu wasan da ya kai shi daɗewa a tarihin Broadway. Idan ka cire waɗannan uku daga littafin kuɗin kamfanin, ban san ko za mu zauna muna ƙirga gidaje 17 a yau ba.

Sani_Direba_NY: Malama ta yi gaskiya game da yadda wasa ɗaya yake raya unguwa. Ni tasi nake tuƙawa a birnin nan, kuma titi na 44 da na 45 tsakanin Broadway da Eighth Avenue wurin neman abincina ne. Idan ƙarfe goma da rabi na dare ta yi, ƙofofin gidajen nan sukan buɗe kusan a lokaci ɗaya, dubban mutane su fito kowa riƙe da ɗan littafin bayanin wasa na Playbill mai kan rawaya, titi ya cushe har mota ba ta iya motsi. Akwai wani lungu tsakanin titunan biyu da ake kira Shubert Alley, gefensa ɗaya bangon gidan Shubert ne da na Booth, an jera hotunan tallar wasanni a jikinsa, a nan za ka ga matasa sun tsaya a bakin ƙofar baya cikin sanyi suna jiran 'yan wasa su fito su sa musu hannu. Ranar Litinin kuwa, da yawancin gidajen ba sa wasa, ciniki yakan ja baya a wajenmu da masu gidajen abinci. Da aka rufe komai ranar 12 ga Maris 2020 saboda annobar korona, wajen shekara ɗaya da rabi titin nan ya zama kufai, sai a watan Satumba na 2021 manyan wasannin suka dawo.

Ummu_Khalil: Don Allah a yi mini bayani, domin ni baƙuwa ce a wannan fanni. Shin kamfanin ne yake rubuta wasannin yana ɗaukar 'yan wasa, ko kuwa haya kawai yake bayarwa?

Barista_Nura: Ummu Khalil, a yau galibi mai gida ne. Furodusa shi yake tara kuɗi daga masu zuba jari, ya ɗauki marubuci da darakta da 'yan wasa, sannan ya zo neman gida. Mai gida yana karɓar kuɗin haya da na hidimar ma'aikatansa a kowane mako, kuma yana da kaso a cikin kuɗin tikitin da aka sayar. A cikin yarjejeniyar akwai wani sharaɗi mai nauyi, wanda ya ce idan cinikin mako ya faɗi ƙasa da adadin da aka yanka, yawanci makonni biyu a jere, mai gida yana iya sallamar wasan ya shigo da wani. Tun da gidajen 41 ne kacal, kuma ba a cika gina sababbi ba, furodusoshi ne suke layi suna jira, mai gida kuma yana zaɓar wanda zai ba. Wani lokaci kamfanin yakan zuba nasa jarin a wasa, kamar yadda ya kasance cikin furodusoshin Cats. Ban da haka yana da Telecharge, kamfanin sayar da tikiti, saboda haka ko a wajen sayen tikitin ma yana da rabo.

Malam_Sabo_Samaru: A zamanin Lee da J.J. kuwa lamarin ya bambanta, su da kansu suke shirya ɗaruruwan wasanni, musamman na kiɗa da rawa, domin su cika gidajensu. Winter Garden, wanda asalinsa kasuwar dawaki ce kafin su mayar da shi gidan wasa a 1911, a nan Al Jolson ya yi suna a ƙarƙashinsu.

Hajiya_Binta_Bronx: Tun da an tambayi abin da suka mallaka, bari in kawo sunayen yadda na san su, domin na shiga da yawa daga ciki tare da 'yata da take karatun wasan kwaikwayo. Akwai Shubert da Booth da Broadhurst da Majestic da Golden da Schoenfeld da Jacobs, waɗannan bakwai a dunƙule suke a fili ɗaya tsakanin titi na 44 da na 45. Sai Imperial da Music Box a tsallaken titi na 45, sai Lyceum da Belasco da James Earl Jones a gabashin Broadway, sannan Barrymore da Longacre da Ambassador da Winter Garden da gidan da ake kira Broadway idan aka yi arewa. Music Box sun daɗe suna tarayya a kansa da iyalin mawaƙi Irving Berlin, sai a 2007 ya zama nasu gaba ɗaya. Wanda ya fi shiga raina shi ne Lyceum na 1903. Wanda ya gina shi, Daniel Frohman, ya yi wa kansa masauki a saman bene da wata 'yar taga da yake leƙen dandali ta cikinta, kuma a waɗannan ɗakuna ne yanzu kamfanin yake ajiye kayan tarihinsa, rubutattun wasanni da zanen tufafi da wasiƙu. Kujerun can sama matsattsu ne, matakala kuma tana da tsayi, ga dattijuwa irina sai an huta a hanya, amma idan ka zauna ka ɗaga kai ka ga adon rufin, za ka gane dalilin da ya sa mutane suka yi zanga-zanga don kada a rushe irin waɗannan gine-gine.

AbuMaryam_Maradi: Hajiya, shin wasan nan na rayuwar Fela Kuti da aka yi a Broadway, a ɗaya daga cikin gidajen nan aka nuna shi?

Hajiya_Binta_Bronx: A'a, shi a gidan Eugene O'Neill aka buɗe shi a 2009, kuma a lokacin wannan gida na kamfanin Jujamcyn ne, wanda yake da gidaje biyar kafin ya haɗe da kamfanin Ambassador Theatre Group na Ingila a 2023. Ɗaya babban kamfanin shi ne Nederlander mai gidaje tara. Wasan da ya shafi Afirka da na kalla a gidan Shubert shi ne Eclipsed, a Golden a 2016, wanda Lupita Nyong'o ta fito a ciki, a kan matan da yaƙin Laberiya ya rutsa da su.

Injiniya_Tukur: Hajiya ta ambaci zanga-zanga, to a nan nake ganin dole a yi adalci, kada a ba kamfanin yabon da ba nasa ba ne shi kaɗai. A 1982 aka rushe gidajen Morosco da Helen Hayes domin a gina otal ɗin Marriott Marquis, 'yan wasa suka fito kan titi, aka kama da yawa daga cikinsu. Bayan haka ne hukumar kare gine-ginen tarihi ta birnin ta sanya yawancin gidajen Broadway cikin waɗanda ba a taɓawa, a wajejen 1987 da 1988. Manyan masu gidajen uku, har da Shubert, ba su yi murna da hakan ba, kotu suka tafi suna cewa an tauye musu haƙƙin dukiyarsu, kuma ba su yi nasara ba. Daga baya birnin ya ba su damar sayar da haƙƙin ginin sama, wato tsayin da doka ta yarda su gina a kan filinsu amma ba su gina ba, su sayar wa masu gina dogayen benaye a unguwar. Wannan ya nuna cewa ƙasar tana da daraja ko babu wasa, kuma ba don doka ta tsaya ba, babu tabbacin duk gidajen nan za su kai yau.

Malama_Rakiya_BUK: Injiniya, na karɓi wannan. Sai dai akwai wani abu da ba a taɓo ba, kuma a ganina shi ne ya bambanta wannan kamfani da sauran. Babu wani ɗan gidan Shubert da yake cin ribarsa a yau. Lee ya rasu a 1953, J.J. ya rasu a 1963, ɗansa John da ake sa ran zai gaje shi ya riga shi da shekara ɗaya. Wani jikan dangin ya riƙe na ɗan lokaci, sannan a 1972 aka miƙa ragama ga lauyoyin kamfanin biyu, Gerald Schoenfeld da Bernard Jacobs, waɗanda gidaje biyu suke ɗauke da sunansu tun 2005. Mai kamfanin kuwa ita ce gidauniyar Shubert Foundation, wadda Lee da J.J. suka kafa a 1945 don tunawa da Sam. Abin ya yi kama da wakafi a wajenmu, inda ake tsare asalin dukiya ba a raba ta gado, amfaninta kuma ya tafi ga abin da aka ƙudurta. Gidauniyar tana raba fiye da dala miliyan 30 a kowace shekara ga ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyin wasa da na rawa waɗanda ba don riba suke aiki ba, kuma ba ta ɗaure musu hannu a kan yadda za su kashe. Da a hannun magada dukiyar take, da wuya a ce ba a yanka ta an sayar ba tun a shekarun 1970.

Barista_Nura: Malama, wannan gaskiya ne, amma shi ma yana da ɓangaren da ake suka. Dokar harajin Amurka ta 1969 ta taƙaita yadda gidauniya za ta mallaki kamfanin kasuwanci, kuma sai da hukumar haraji ta yi musu hukunci na musamman a 1979 sannan suka ci gaba da riƙe shi gaba ɗaya. Abin da ya rage a tambaya shi ne, 'yan mutane kaɗan da suke zaune a hukumar gudanarwa, waɗanda babu masu hannun jari da za su tuhume su, su ne suke yanke wasan da zai samu gida a kusan rabin Broadway. Ko da niyyarsu tana da kyau, wannan iko ne mai girma.

Sani_Direba_NY: Ni dai na shaida ranar da aka sauya wa gidan Cort suna zuwa James Earl Jones, sunan shahararren ɗan wasan nan baƙar fata, a 2022, bayan an yi masa babban gyara. Baƙaƙen fata da yawa da na ɗauka a motata sun ji daɗin abin, domin a wannan gida ya yi wasa tun 1958 yana matashi. Sai dai wata fasinja, wadda ita ma 'yar wasa ce, ta ce mini suna a jikin bango abu ne mai kyau, amma abin da take jira ta gani shi ne su wane ne ake ba dandalin.

Dan_Gidan_Dabino: Na saurari kowa, kuma hujjar Malama Rakiya game da 1931 tana da ƙarfi. Duk da haka ina nan a kan cewa wasannin nan uku da ta ambata sun amfani Shubert ne saboda a gidansa suka sauka, kuma waɗanda suka ƙirƙiro su yawanci daga waje suka zo, ɗaya daga ƙaramin gidan Papp, biyu daga Landan.

Malam_Sabo_Samaru: To ai zaɓen ma gwaninta ce, ɗan'uwa, domin ba kowane mai gida ba ne zai yarda a fasa masa dandali da rufi a mayar da Winter Garden juji saboda wasan kyanwoyi, wato Cats, ya kuma zuba kuɗinsa a ciki. Kada kuma a manta cewa dukiyar ba ta tsaya a gidaje 17 ba. A cikin New York suna da New World Stages, wanda yake ƙarƙashin ƙasa a titi na 50 da ƙananan dandali biyar, da Stage 42 a titi na 42, waɗanda ba a ƙirga su cikin Broadway. A wajen birnin kuma suna da Forrest a Philadelphia da gidan Shubert na Boston, wanda wata cibiya ta can take gudanarwa bisa haya. Wanda suke da shi a Los Angeles an rushe shi a 2002.

Ummu_Khalil: Malam Sabo, to mene ne ya raba gidan Broadway da wanda ba shi ba, tun da Hajiya ta nuna cewa yawancinsu ma ba a kan titin Broadway suke ba?

Injiniya_Tukur: Yawan kujeru ne da unguwa. Sai gida ya kai kujera 500 zuwa sama, kuma yana cikin unguwar gidajen wasa ta tsakiyar Manhattan, in ban da Vivian Beaumont da ke Lincoln Center, sannan wasan da aka nuna a cikinsa zai iya shiga gasar lambar yabo ta Tony. Daga cikin na Shubert, Winter Garden da Broadway ne kawai ƙofarsu take kallon titin Broadway kansa. Barista, ina so ka ƙara mana bayani a kan yarjejeniyar 1956, ko har yanzu tana hana su sayen sabon gida ba tare da izinin kotu ba.